Wannan "debut" da muke ta faɗa, wai ba mu da ita ne da Hausa?

Jama'a ku ba ni aron hankalinku, rubutun nan zai ɗan yi tsawo, wanda yake sauri ya wuce abinsa ba komai.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce muna gidan kallon ƙwallo na unguwarmu, an dawo daga hutun rabin lokaci kenan sai koci ya sako wani yaro da aka siyo kwanan nan, kawai sai wani matashi a bencin bayana ya miƙe yana ta cewa yau ne debut ɗinsa fa, yau ne debut ɗinsa, yana wani danna harafin ƙarshen nan kamar zai fasa shi. Akwai wani dattijo da ba ya fashin zuwa kallo, tsohon direban tirela ne, duk Baba muke ce masa, ya waiwayo ya ce kai yaro mene ne kuma dabut? Yaron ya ce Baba wasan farko kenan. Baba ya ce wane irin wasan farko, ni da idona wasa shida na kalla na kulob ɗin nan a bana. Wani ya sa baki ya ce a'a Baba, wasansa na farko ake nufi, shi yaron. Baba ya ce to da can a ina suka gan shi har suka zuba kuɗi suka siye shi in bai taɓa wasa ba, ko a Ƙofar Wambai suka tsinto shi? Gidan ya kwashe da dariya, aka cigaba da kallo, kowa ya manta.

Ni dai ban manta ba, don wallahi Baba ya fi mu gaskiya, tambayarsa tana nan daram ba wanda ya amsa ta. Mun ari kalma muna ta yawo da ita a baki da kuma Facebook, in aka ce mu fassara sai mu ce "farko" mu yi shiru, alhali kuwa ba farko kawai take nufi ba.

Ita kalmar ma ba ta Ingilishi ba ce tun asali, ta Faransanci ce, Turawan Ingila aro suka yi tun ƙarni na 18, shi ya sa ba a furta harafin ƙarshen, kusan "debu" ake cewa. Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi boko da Faransanci sun fi mu sanin wannan, su a wurinsu kalmar farkon kowane abu ce, farkon wata, farkon shekara, farkon magana, kuma ɗan koyo ma daga jikinta suke ciro sunansa. Da ta tsallaka Ingila sai ta ƙuntata, ta koma ranar da mutum ya fara fitowa gaban jama'a a wata sana'a ko wani matsayi, mawaƙi ne ko ɗan wasan kwaikwayo ko ɗan ƙwallo. Har akwai wata al'ada da manyan gidajensu suke yi, in yarinya ta isa aure sai a yi mata farar riga a kai ta fada a gabatar da ita gaban sarki ko sarauniya, daga ranar ta shiga sahun manyan mata, za a iya gayyatarta taro, za a iya neman aurenta. Sarauniya Elizabeth ta biyu ce ta dakatar da wannan gabatarwar ta fada a 1958. To kun ga tun can abin da ke cikin kalmar ido ne, idon mutane. Yarinyar nan ai ba ranar aka haife ta ba, ranar ce dai aka ce jama'a ga ta nan.

Bari in ba ku misali da kaina don a nan ne na gane bambancin da jikina ba da karatu ba. Ina ɗan shekara ashirin da wani abu, wata rana da magariba liman bai zo ba na'ibi ma ya yi tafiya, aka ta da iƙama aka dudduba, sai wani dattijo ya dafa kafaɗata ya ce malam bismilla. Jama'a Fatihar nan tun ina yaro nake karanta ta, a rana sau goma sha bakwai ko fiye, in an tashe ni daga barci ma zan kawo ta. Amma da na tsaya a gaba na ji sahu uku sun yi tsit a bayana suna jiran muryata, gwiwata ta fara kaɗawa, maƙogwarona ya bushe, da na gama Fatiha suka ce amin sai duk surorin da na haddace suka gudu suka bar ni, da kyar na kamo Ƙulhuwallahu, a raka'a ta biyu ma ita na so in maimaita Allah ya taimake ni Inna a'aɗaina ta zo. Shin ranar ce sallata ta farko? A'a. Karatuna na farko? A'a. To amma wani abu ya faru ranar wanda bai taɓa faruwa ba kuma ba zai sake faruwa ba, domin washegari da aka sake tura ni gaba tsoron ya ragu, mutanen ma sun riga sun san muryata. Wannan abin da ya faru shi ne abin da kalmar take ɗauke da shi, kuma shi ne "wasan farko" ya kasa ɗaukowa.

Kuma ku duba yadda "wasan farko" ɗin take da harshen damo. In an ce wasan farko zai iya zama na buɗe kaka, zai iya zama na ƙarfe ɗaya da rabi kafin na yamma, zai iya zama karawar farko a wasan gida da waje na Champions League. Masu labarin wasanni a rediyo suna ƙoƙari gaskiya, su kan ce ya buga wasansa na farko a ƙungiyar, ko karon farko da ya saka rigar ƙasarsa, ko ya fara buga mata wasa, kuma duk daidai ne, ba na ce kuskure ba ne. Hausa dama da aikatau ta fi son yin irin wannan aikin, "ya fara" kawai ta wadatar a wurare da yawa. Sai dai jimla ce doguwa, shi ya sa yaran yanzu masu sauri suke tsallake ta su ɗauko ta Bature mai gaɓa biyu.

Abin da yake ba ni haushi shi ne masu cewa wai Hausa ba ta da kalmar, wai harshen ne bai kai ba. Haba dai. Bahaushe fa mutum ne da ya damu da farkon abu ƙwarai, har ya ƙi yarda ya tara su a kalma ɗaya, kowanne da sunansa. Wata in ya fara bayyana ba a cewa ya fito karon farko, cewa ake ya tsaya, kuma jinjiri ake kiransa kamar wani jariri. Damina faɗuwa take yi. Geron da ya fara nuna a gona wanda ake gasawa a ci tun kafin girbi tumu ne. Yaro in ya fara ɗaga ƙafa tatata yake yi. Ɗan da aka fara haifa ɗan fari ne, har uwarsa ba ta faɗar sunansa don kunya, akwai auren fari akwai haihuwar fari. Mafarauta suna da buɗar dawa. Mai azumi yana da buɗa baki. A gidan dambe kafin manya su shigo yara ne suke sharar fage. Wanda ya shigo sana'a jiya sabon shiga ne, in ana so a ɗan tsokane shi a ce sabon yanka rake. Yan fim ɗinmu na Kano in sun kawo yarinyar da ba a taɓa gani ba sabuwar fuska suke cewa, kuma wannan ma ta yi kusa sosai tunda fuska ai don ido aka yi ta. Harshen da yake da wannan duka ne za a ce wai ya rasa yadda zai ce yaro ya fara buga ƙwallo a gaban mutane?

Ni a ganina ma akwai wadda ta zauna daidai wa daida, kuma na san za ku yi dariya kamar yadda abokaina suka yi da na faɗa a majalisa. Buɗar kai.

Ku tsaya ku ji tukunna. Me ake yi a buɗar kai? An ɗaura aure, an kai amarya, tana lulluɓe ba wanda ya ga fuskarta a dangin miji, sai a sa rana a taru, iyaye da ƴan uwan ango da abokan wasa duk a zauna, a fito da ita a zaunar, sannan a yaye mayafin a ce ga amaryarku. Yarinyar nan shekararta ashirin tana yawo da fuskarta a duniya, ƴan unguwarsu sun santa, ƴan makarantarsu sun santa, shi kansa angon ai ya gani ya yaba shi ya sa ya biya sadaki. Amma a wannan gidan, gaban waɗannan mutanen, a matsayin matar ɗansu, yau ne. Kuma kowa da abin da ya zo dubawa, wata hanci take kallo, wata tana duba ko tana da kunya, wata ƙanwar miji tana can gefe tana auna ko za a yi zaman lafiya da ita. To don Allah mene ne bambancin wannan da yaron da aka siyo daga wani kulob, an biya kuɗinsa, an sa hannu a takarda, an yi masa gwajin lafiya, yana ta atisaye a ɓoye, sai ranar Asabar aka ɗaga allo a bakin layi ya shigo mutum dubu sittin suka zuba masa ido? An ɗaura aure tun ranar sa hannu, yau buɗar kai ake. Da wannan aka gaya wa Baba wallahi da ba zai sake tambaya ba, don amsar tambayarsa tana ciki, yaron ya taɓa wasa mana, a gidansu.

Abin sha'awa ma al'adar Turawan nan da na faɗa ta kai yarinya fada kusan abu ɗaya ce da tamu, sai dai su kafin aure suke yi don a samu miji, mu kuma sai an samu mijin an kai ta ɗaki.

Kuma in kun karɓi wannan akwai garaɓasa a ciki. Lokacin da Cristiano Ronaldo ya koma Manchester United a 2021 ya ci Newcastle ƙwallo biyu a wasan da ya fara bugawa, jaridun Ingila suka rasa yadda za su yi, suka dinga cewa debut na biyu, wanda in ka duba maganar ma ta ci karo da kanta, ya za a yi farko ya zama na biyu? Shi fa tun Agustan 2003 aka buɗe kansa a gidan, ranar da ya shigo daga benci a wasansu da Bolton yana ɗan shekara 18. Mu kuwa muna da kalmar a ajiye tun kaka da kakanni: kome. Matar da ta fita daga gidan miji ta je ta dawo ɗakinta kome ta yi, ba a sake yi mata buɗar kai, kowa ya san fuskarta, abin da ake jira a gani kawai shi ne ko halin nan yana nan. Ronaldo kome ya yi, kuma kun ga yadda komen ya ƙare, ko shekara ɗaya da rabi ba a yi ba aka sake rabuwa baram-baram. Ahmed Musa ma da ya dawo Kano Pillars a 2021 bayan ya zaga Holan da Rasha da Ingila da Saudiyya ai kome ne, shi dai nasa ya zo da daɗi, gari ya ɗauka ɗan gida ya dawo gida.

Shi Ahmed Musan ma misali ne na wani abin da ya kamata a lura da shi, wato mutum ɗaya yana iya yin abin nan sau da yawa in dai gidan ya canza. Ranar da ya fara saka rigar Super Eagles a 2010 yana ɗan shekara 17 daban, ranar da ya fara bugawa CSKA Moscow daban, ta Leicester a 2016 daban. Messi ma haka, ya fara bugawa manyan Barcelona a wasan sada zumunci da Porto a 2003, amma wanda ake lissafawa shi ne na Oktoban 2004 da Espanyol a La Liga, don na sada zumunci kamar kai amarya gaishe da maƙota ne, ba a sa shi a lissafi.

Wani abin kuma da nake so mu rage shi ne ɗora wa ranar nauyin da ya fi ƙarfinta. Mu da karin maganarmu ta Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, yaro ya taɓa ƙwallo sau uku mun riga mun yanke masa hukunci, ko dai an samu sabon Pele ko kuma an yi asarar kuɗi. A ƙwallo dai karin maganar nan ta sha ƙarya ba sau ɗaya ba. Messin nan da ake ta magana, ranar da ya fara bugawa babbar tawagar Ajantina a watan Agustan 2005 da Hungary, daga benci ya shigo, ɗan baya ya riƙe masa riga shi kuma ya wurga hannu zai ƙwace, alƙalin wasa ya zaro jan kati, ko minti biyu cikakku bai yi a fili ba. In da a gidan kallonmu ne ranar da tuni an gama da shi, an ce yaron nan ba zai je ko'ina ba. Shi ne ya ɗaga musu kofin duniya a 2022. A ɗaya gefen kuma ƴan Manchester na da za su tuna Federico Macheda, Afrilun 2009, yana ɗan shekara 17 ya shigo ya murɗa wata ƙwallo a mintunan ƙarshe suka ci Aston Villa 3 da 2, ranar ba irin sunan da ba a kira shi da shi ba, yau in ka tambayi yaran da suke cika gidan kallo ko sunansa ba su sani ba. Tabbas akwai waɗanda Larabarsu ta nuna Juma'ar, Rooney ya ci Fenerbahce uku rigis ranar da ya fara bugawa United a 2004, Haaland ma uku ya zuba wa Augsburg ranar da ya fara bugawa Dortmund a Janairun 2020 kuma daga benci ya taso. Amma wanda ya fi ba ni tausayi da dariya a haɗe Jonathan Woodgate ne, Real Madrid ta siye shi a 2004, ciwo ya hana shi wasa sama da shekara, amarya tana lulluɓe shekara guda ana jira, ranar da aka buɗe kan a Satumban 2005 da Athletic Bilbao sai ya ci gidansu da ka, daga baya kuma aka ba shi katin gargaɗi na biyu aka kore shi. Ko a gidan biki aka yi haka ai sai dangin ango su fara kallon juna.

Sannan don Allah masu rubuta labarai a shafuka ku bar cusa "ƙaddamar" a ko'ina. Na ga an rubuta wai ɗan wasa ya ƙaddamar da kansa a sabuwar ƙungiyarsa, na ga wai mawaƙiya ta ƙaddamar da fitowarta. Ƙaddamarwa fa mun san ta, littafi ake ƙaddamarwa a kira babban mai ƙaddamarwa ya sayi kwafi ɗaya da kuɗi mai tsoka, gwamna yana ƙaddamar da titi ya yanka zare, ana ƙaddamar da kwamiti ko takara. Abu ne da wani yake yi wa wani abu, da taro da kujeru da lasifika. Mutum ba ya ƙaddamar da kansa sai ka ce rijiyar burtsatse. Haka in Bature ya yi amfani da kalmarsa a kan sabuwar waya ko mota, mu ba ruwanmu da bin sa, waya fitowa take yi ko ta shigo kasuwa, shikenan, ba ta da gwiwar da za ta kaɗa.

Na san abin da wasu za su ce a ƙasa, wai buɗar kai ta mata ce, ba za ka kalli ƙato mai gemu ɗan baya ka ce yau ake buɗar kansa ba. Wani abokina ma cewa ya yi malam in ka faɗi haka a gidan dambe sai an kai ka asibiti. Na yarda a labaran ƙarfe bakwai ba za ta shiga ba, can a bar "wasansa na farko a ƙungiyar", ko in ana son gajeriya a ce fitowar fari, tana da tsabta kuma ko Goggona da ba ta taɓa kallon ƙwallo ba za ta gane, tunda ta san ɗan fari ta san auren fari. Amma a hira da rubutun Facebook, inda dama da zolaya ake magana, ban ga laifinta ba. Mu ne fa muke ce wa sabuwar mota amarya, muke ce wa kulob ya sha kashi kamar jaki, muke cewa an yi wa mai tsaron gida sakiyar da ba ruwa, duk ba wanda ya ce ba a yi daidai ba. Ita kanta kalmar Turawan da muke ganin ta waye ai kun ji inda ta biyo, ta wurin ƴan mata masu farar riga a fadar Ingila ta ratso kafin ta iso bakin yaron bencin bayana.

Kuma ba wai ina yaƙi da aro ba ne, ni ba na cikin masu cewa sai an ce na'ura mai ƙwaƙwalwa dole, kwamfuta nake cewa, koci nake cewa, fenariti nake cewa, ga benci ga kulob duk a rubutun nan. Aro yana da daɗi in abin baƙo ne ya zo da sunansa. Wanda ba na so shi ne mu aro abin da muke da shi a ɗaka, kuma mu aro shi a karkace, muna furta harafin da masu shi ba sa furtawa, sannan dattijo ya tambaye mu ma'ana mu kasa.

Jiya da daddare na biya ta wurin mai shayi na tarar da Baba yana juya kofinsa, na zauna na kwashe duk wannan bayanin na gaya masa tun daga Faransa har kome. Ya saurara har na gama, ya kurɓi shayi, ya ce to yanzu shi yaron nan na ranar Asabar da aka buɗe kan nasa, ka ga ya taɓa ƙwallo kuwa? Na ce sau biyu Baba, ɗaya ma waje ya fitar. Ya ce to a mayar da mayafin tukunna.